Ba Kowane Gyangyaɗi Ne Na Tsufa Ba

A gidajenmu ba a ɗauki gyangyaɗin tsoho abin kai wa likita ba. Dattijo ya zauna a zaure da hantsi, rediyo a gefe, carbi a hannu. Kafin a gama labarai kai ya sunkuya, carbi ya zame kan tabarma. Jika ya taɓa gwiwarsa ya ce, "Baba, barci kake yi?" Ya ɗago firgigit: "A'a, ina jin ku." A yi dariya, a ce tsufa ne. Bayan shekara ɗaya ko biyu ya fara tambayar abu ɗaya sau uku kafin azahar, ko ya riƙa rasa raka'a nawa ya yi, ko lissafin shago da ya shekara arba'in yana yi da ka ya fara kuɓuce masa. Nan ma a ce tsufa ne, a ja bakin magana a rufe.

To, wani lokacin tsufan ne. Amma in dattijon nan ko gyatumar nan na da ciwon suga, wannan amsa ta yi kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza. Barcin da ke kwashe mai suga da rana ba tare da ya nufa ba yana da dalilai sanannu, yawancinsu ana iya gano su da tambaya da ɗan gwaji, kuma da dama daga cikinsu su ne dai abubuwan da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali.

Masu wannan ciwo ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya. Miliyan 24 daga cikinsu suna yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma ana hasashen su kai miliyan 55 nan da 2045. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan Najeriya, suka samu kusan kashi 5.8 cikin 100 na jama'a, arewa maso yamma kashi 3, arewa maso gabas kashi 5.9. Cikin manyan abubuwan da suka ga suna jawo shi akwai yawan shekaru da zaman birni da canjin cima.

Suga da ƙwaƙwalwa

Mai ciwon suga ya san a ja masa kunne kan ƙafa da ido da ƙoda. Da wuya a ambata masa ƙwaƙwalwa, alhali an daɗe da sanin alaƙar. A 1999 masu bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, bayan sun bi diddigin dattawa 6,370, sun ruwaito cewa haɗarin kamuwa da ciwon mantuwa ya kusan ninka biyu ga masu suga. A 2016 aka haɗa bincike 14 da suka ƙunshi mutum fiye da miliyan 2, aka samu ƙarin haɗarin ya kai kashi 60 cikin 100, kuma ya fi tsanani a nau'in mantuwar da ke zuwa daga lalacewar hanyoyin jini.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan hanyoyin jinin da suga ke lalatawa a ido da ƙoda, irinsu ne ke ciyar da can cikin ƙwaƙwalwa. Suna kauri, suna toshewa, wani ɗan wuri ya mutu ba tare da an ga shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki ba. In hawan jini ya haɗu da sugan, kamar yadda ya saba, ɓarnar ta fi sauri. Abin da ke fara raguwa kuma ba sunayen 'ya'ya da jikoki ba ne. Saurin tunani ne, da iya tsara abu bayan abu: a sha wannan ƙwaya kafin karin kumallo, waccan bayan abincin dare, a auna allura kaza, a ci abinci a kan lokaci. Wato ciwon yana raunana daidai wurin da mai shi yake bukata don ya kula da kansa.

Daren mai suga

Wanda yake son ya gane gyangyaɗin rana sai ya fara tambayar yadda aka kwana.

In suga ya haura kusan 180 a na'urar gwaji, wato 10 a ɗaya ma'aunin, ƙoda kan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Tsoho ya tashi sau uku, sau huɗu, kowane tashi da neman buta da takalmi a duhu, ga ƙishirwa, ya sha ruwa, ya sake tashi. In namiji ne mai kumburin ƙululun mafitsara, wato prostate, abin ya zama biyu. Ga kuma zafin tafin ƙafa da jijiyoyin da suga ya taɓa ke haddasawa, wanda ya fi tashi da dare, har wasu su riƙa tsoma ƙafa a ruwan randa. Ƙara da zafin bazara a ɗakin kwano, da ɗauke wuta, da sauro, da kiran asalatu ƙarfe huɗu da wani abu. Mutumin da ya kwanta awa bakwai a haka, ba awa bakwai ya yi yana barci ba.

Akwai kuma wanda shi mai barcin bai san da shi ba sam, sai wadda ke kwana kusa da shi. Munshari ne, amma ba irin wanda ke tafiya bai ɗaya ba. Yana hawa yana hawa, sai ɗif, a ji shiru. Ƙirji na motsi, iska ba ta shiga. Daƙiƙa goma, ashirin, wani lokaci fiye. Sai ya yi wata irin shaƙuwa kamar an shaƙe shi, ya juya, munshari ya ci gaba. Abin da ya faru shi ne naman maƙogwaro da tushen harshe sun saki sun rufe hanyar iska, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na ɗan lokacin da bai isa ya tuna ba. Ga wanda abin ya yi wa tsanani, hakan na maimaituwa sau talatin ko fiye a cikin awa guda. Da safe ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya rantse ya yi barci lafiya lau, kafin hantsi yana gyangyaɗi.

Wannan ɗaukewar numfashi ta yi yawa a cikin masu suga fiye da yadda ake zato. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, an auna barcin mutum 306 masu suga kuma masu ƙiba, aka samu fiye da kashi 86 cikin 100 suna da ita, ba tare da an taɓa gaya musu ba. Ƙiba da teɓa da kaurin wuya ne manyan masu jawo ta, ko da yake siririn tsoho ma ba ya tsira, domin naman maƙogwaro na sakewa da shekaru. Ɓarnarta kuma ba ta tsaya ga barci ba. Kowace farkawa tana tayar da bugun zuciya, tana ɗaga jini, tana sa jiki ya ƙi jin insulin, har sugan safe ya hau ba tare da an ci komai ba. Dakta Kristine Yaffe ta Jami'ar Kalifoniya ta bi tsofaffin mata 298 na kusan shekara biyar. A sakamakon da ta buga a 2011, kusan kashi 45 cikin 100 na masu ɗaukewar numfashi sun sami raunin tunani ko mantuwa, a sauran kuwa kashi 31.

Maganin da ya fi aiki wata na'ura ce da ke hura iska ta hanci duk dare don maƙogwaro ya zauna a buɗe, wadda likitan Ostireliya Colin Sullivan ya fito da ita a 1981. A nan sai mai karatu ya yi murmushi, domin na'urar na da tsada, tana son wuta har asuba, ɗakunan gwajin barci kuma ƙalilan ne, yawanci a manyan birane. Duk da haka ba a rasa abin yi ba. A ci gaban wancan bincike na Amurka na 2009, waɗanda aka taimaka wa suka rage kusan kilo 11 a shekara guda sun sami sauƙin ɗaukewar numfashin a fili. Kwanciya a gefe, wadda dama ita aka hore mu da ita, tana rage ta ga mutane da yawa idan aka kwatanta da kwanciyar rigingine. Maganin sa barci kuwa ƙara ta yake yi.

Faɗuwar suga

Duk cikin dalilan nan, wanda ya fi gaggawar kisa shi ne wanda aka fi jahilta. Jama'a sun san hawan suga, suna tsoronsa. Faɗuwarsa kuwa wasu har murna suke yi da ita.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma abincinta suga ne. Ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo yanzu shi take ci yanzu. In sugan jini ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9, matashi zai ji karkarwa da gumi da faɗuwar gaba da yunwa, ya nemi abin sa wa baki. Tsoho, musamman wanda ya daɗe da ciwon, sau da yawa waɗannan alamu ba sa zuwa masa. Abin da za a gani kawai shi ne ya yi shiru, ya yi laƙwas, magana ta harɗe, ya yi ta hamma, ko ya yi faɗan da ba halinsa ba, sannan barci ya kwashe shi. In da dare ne, sai mugun mafarki da jiƙewar matashi da gumi, wanda a watan Afrilu ba wanda zai ce ba zafi ba ne.

Ga yadda yakan faru. Hajiya ta sha ƙwayarta, aka kawo tuwon dare ta ce ba ta jin ci, ta kurɓi ruwan shayi ta kwanta. Asuba ta yi ba ta tashi ba, alhali ita ke tashin gida. Surukarta ta leƙa: "Hajiya, an yi salla fa." Ta buɗe ido tana kallonta kamar ba ta san ta ba, tana kiran sunan wanda ya daɗe da rasuwa. Nan take gida ya rabu, wani ya ce gigin tsufa ne, wata ta ce a kira malam, iska ce. Ba wanda ya hana addu'a. Amma na'urar gwaji na cikin durowa, kuma ɗigon jini ɗaya zai ba da amsa cikin daƙiƙu.

Yawanci ƙwaya ɗaya ce a bayan irin wannan: glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil. Tana da arha, ana samunta a kowane kemis, tana kuma sauke suga ko an ci abinci ko ba a ci ba. Tana daɗewa a jiki, in ƙoda ta yi rauni ta ƙara daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta sa gliclazide a gurbinta. Amma da yawa daga dattawanmu tsohon katin asibiti suke miƙa wa mai kemis shekara da shekaru, jiki ya rame, ci ya ragu, ƙoda ta gaji, adadin magani na nan yadda aka rubuta tun suna da ƙarfi. Wasu kuma su ɗora jiƙon shuwaka ko garafuni a kai, wanda ba wanda ya auna ƙarfinsa. Masu allurar insulin ma suna cikin wannan haɗari.

A 2009 Rachel Whitmer ta duba bayanan tsofaffi 16,667 masu suga a arewacin Kalifoniya. Wanda suga ya taɓa faɗi masa sau ɗaya har aka kai shi asibiti, haɗarin mantuwarsa ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. Mai sau biyu, kashi 80. Mai sau uku ko fiye, ya kusan ninkawa. Wani bincike na 2013 kan dattawa 783 ya nuna abin yana tafiya ta fuska biyu: faɗuwar suga na ninka haɗarin mantuwa, mai mantuwa kuma ya fi saura shiga faɗuwar suga har kusan ninki uku. Dalilin a bayyane yake. Ya manta ya sha, ya sake sha. Ya yi allura, ya manta bai ci ba.

Akwai masu ganin cewa iyakar ƙoƙari shi ne a matse sugan tsoho ya koma daidai da na mai lafiya. An gwada wannan. A babban gwajin ACCORD da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum sama da 10,000, an dakatar da ɓangaren matsewar a 2008 saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsa. Da aka auna tunanin mutum 2,977 daga cikinsu bayan wata 40, matsewar ba ta ƙara musu komai ba. Shi ya sa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta sassauta ma'auni ga tsofaffi masu rauni ko masu cututtuka da yawa, ta ce gwajin matsakaicin suga na wata uku ya tsaya ƙasa da kashi 8 cikin 100 ya wadatar. A ganina ɗan da ke alfahari cewa sugan mahaifiyarsa mai shekara 80 ba ya wuce 80 da safe, ya kamata ya koma wurin likita a sake duba maganin.

In abin ya faru kuma mutum na cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15, in bai hau ba a ƙara, sannan a bi da abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, sai asibiti. Mai shan glibenclamide ko ya farfaɗo a kai shi, domin sugan na iya sake faɗuwa bayan sa'o'i.

Ledar magani da abin da ke cikin rai

A zazzage ledar maganin tsoho a kan tabarma, sau da yawa a nan za a tsinci gyangyaɗin. Piriton da ake sha don mura, wasu kuma don barci. Diazepam da mai kemis ya bayar saboda Baba ya ce ba ya runtsawa. Amitriptyline ko pregabalin da aka rubuta don zafin ƙafa. Maganin tari na ruwa. Kowanne na kawo barcin rana da dushewar tunani, jikin tsoho kuma ba ya fitar da su da wuri. Metformin, wadda ita ce ginshiƙin maganin suga kuma da wuya ta faɗar da shi ita kaɗai, in an shekara da shekaru ana sha tana iya rage sinadarin B12, rashinsa kuma na kawo kasala da dindiris a ƙafa da mantuwa. Gwajin jini na gano shi, ƙwaya ko allura na gyara shi. Kada dai kowa ya tsayar da magani da kansa; a kai ledar gaba ɗaya a nuna.

Sai goro da shayi. Sinadarin da ke cikinsu mai wartsakarwa yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Goron bayan isha'i yana nan yana aiki ƙarfe ɗayan dare, da rana a yi gyangyaɗi, a ƙara wani goron don a kore shi.

Akwai kuma damuwa, wadda tsofaffinmu ba sa kiran sunanta. Ciwon damuwa ya kusan ninka yawa a cikin masu suga. Wani babban bincike a jihar Pennsylvania a 2005 ya gano cewa yawan barcin rana ya fi alaƙa da damuwa da ƙiba da suga fiye da ɗaukewar numfashi ita kanta. Mutumin da ya yi ritaya, abokan majalisa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ko matar da mijinta ya rasu 'ya'ya suka watse birane, ba za su ce suna baƙin ciki ba. Za su ce jiki ne ba daɗi, su daina fita, su yini a kwance. Irin wannan na kama da mantuwa sosai, kuma yana jin magani.

Barcin ne ke jawowa, ko alama ce?

A nan ya kamata a bi a hankali, domin kanun labarai sun fi binciken zafi.

Ba shakka rashin barci na taɓa suga. A 1999 Eve Van Cauter da abokanta a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 11 masu lafiya zuwa awa huɗu na dare shida, jikinsu ya fara jinkirin sarrafa suga irin na dattawa. Ta ɓangaren ƙwaƙwalwa kuma, masu bincike a asibitin Mayo sun ɗauki hoton kan mutum 283 'yan shekara 70 zuwa sama waɗanda ba su da mantuwa. A rahotonsu na 2018, masu yawan jin barci da rana sun fi saurin tara amiloyid, dattin da ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. A 2022 wani bincike da ya bi tsofaffi 1,401 a yankin Chicago har shekara 14, da agogon auna motsi a hannunsu, ya samu cewa masu barcin rana fiye da awa ɗaya kullum sun fi saura haɗarin kamuwa da cutar da kashi 40 cikin 100. Sai dai binciken ya kuma ga cewa da cutar ta fara, barcin ranar sai ya ƙaru. A 2019 an duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da Alzheimer a San Francisco, aka tarar ƙwayoyin da aikinsu shi ne riƙe mutum a farke sun mutu da yawa. Ke nan gyangyaɗin kan iya zama sakamakon cutar da ta riga ta fara aiki a ɓoye.

An kuma yayata cewa barci na wanke ƙwaƙwalwa. Tushen maganar gwajin ɓeraye ne da Maiken Nedergaard ta Jami'ar Rochester ta buga a 2013. A 2024 wasu masana a Landan suka yi nasu gwajin, shi ma a kan ɓeraye, suka sami akasin haka, kuma har yanzu ana jayayya. Kwamitin mujallar Lancet kan mantuwa, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon. Suga na ciki, da hawan jini, da ƙiba, da damuwa, da raunin ji da na gani, da kaɗaici. Barci bai shiga jerin ba, domin a ganin kwamitin hujjar ba ta kai ba tukuna.

Yawancin waɗannan alƙaluma daga Turai da Amurka suke, kuma al'ummomi sun bambanta. Aikin da Hugh Hendrie da Farfesa Adesola Ogunniyi da sauransu suka fara a 1992, suna kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis, ya samu a 2001 cewa kashi 1.35 cikin 100 na 'yan Ibadan ke kamuwa da mantuwa a shekara, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. Cikin bambance-bambancen da aka lura da su akwai ƙarancin suga da hawan jini a tsofaffin Ibadan na wancan lokaci. Waɗannan cututtuka su ne yanzu ke ƙaruwa a biranenmu.

Ga mai jinyar tsoho a gida, wannan jayayya ta masana ba ta canza abin yi. Ko gyangyaɗin ne sanadi ko alama, abubuwan da ke ƙarƙashinsa, wato suga mai hawa da sauka, numfashi mai ɗaukewa, magani mai yawa, damuwa, kowanne na cutar da ƙwaƙwalwa a karan kansa, kowanne kuma ana iya taɓa shi.

Ƙailula da azumi

Kada a ce an hana ƙailula. Mutumin da ya tashi tun asalatu a ƙasa mai zafi, ya kwanta da niyya minti ashirin ko talatin ya tashi garau, ba shi ake magana ba. Abin dubawa shi ne barcin da ke zuwa ba a kira shi ba, a tsakiyar hira, ko da loma a hannu, ko a huɗubar Juma'a mako bayan mako. Da wanda ake yin awa biyu a tashi da nauyin jiki. Da kuma canji, wato wanda da ba ya yi yanzu ya fara.

Watan azumi na haɗa komai wuri guda: sahur, tarawihi, tahajjud a goman ƙarshe, magani a sabon lokaci, ciki ba komai. Binciken da aka yi a ƙasashen Musulmi 13 a Ramadan na 2001 ya nuna mummunar faɗuwar suga ta ninka fiye da sau bakwai ga masu nau'in ciwon da ke kama manya. Ƙa'idar da likitoci da malamai suka amince da ita ta ce a karya azumi in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Tsohon da ya yi laƙwas bayan la'asar, kafin a ce wahalar azumi ce a gwada shi. Wanda tunaninsa ya fara rauni kuwa yana cikin waɗanda ake ba shawarar kada su ɗauka, addini kuma ya riga ya ba shi sauƙi.

Abin da za a kai wa likita

Likitan da ke da layin mutum sittin a waje zai duba suga da jini ya rubuta magani. Da wuya ya tambayi barci in ba a faɗa masa ba, dattijo kuma in an ce yaya jiki, "da sauƙi" zai ce. Saboda haka nauyin na kan iyali.

Akwai ma'auni mai sauƙi da Dakta Murray Johns na asibitin Epworth a Melbourne ya tsara a 1991. Yanayi takwas ne, kamar zama ana karatu, kallon talabijin, zama cikin taro, tafiyar awa guda a mota, hira da wani, zama bayan abincin rana. A kowanne a ba da maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yiwuwar barci ya ɗauke mutum. In jimillar ta haura 10 daga 24, akwai abin bincike. Ya fi kyau uwargida ko wanda ke zama da shi ya ba da tasa amsar daban, don tsoho ba ya yarda ya yi gyangyaɗi. Gwajin tunani ma ba sai mai boko ba. Akwai wanda aka tsara a Tanzaniya aka kuma gwada a Ibadan, mai suna IDEA, wanda a ciki ake sa mutum ya lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, ya riƙe kalmomi goma, ya kwaikwayi wani tsari da tsinken ashana. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa irin wannan gwaji duk shekara ga mai suga da ya kai 65.

Don haka ranar asibiti mai zuwa kada a tura Baba shi kaɗai, ko da yaron da bai san komai ba sai tuƙa babur. A tafi da wanda ya san darensa. A ɗauki duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya. A rubuta sugan da aka gwada na mako ɗaya ko biyu, har da na lokacin da gyangyaɗin ya kama shi, da sau nawa yake tashi fitsari, da ko numfashinsa na tsayawa. In likita bai tambaya ba, ku ku faɗa masa: yana barci da rana fiye da da, ya kuma fara mantuwa, muna so a duba dalili.